Shekarar da Na Jira Tabbas

Shekarar da maigidana ya rasu, ruwan farko ya sauka a Gozaki ban san wa zan tambaya ba. Shi ne mai cewa a yi shuka. Maza kan yanke maganar a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya dawo ya ce in fito da iri. Wannan karon sun yanke abinsu, babu wanda ya leƙo ni. Irin masarar da ya bari kuwa ba ya isa shuka biyu. In ya ƙone a ƙasa, na tashi daga noman shekarar.

Da furfura a kaina na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka ina karanta waya, a hankali dai. Ɗana mai aiki a Funtua ya sa mini wata manhaja, wai ilimin malaman gona aka ɗura mata. Na faɗa mata an yi ruwa. Ta tambayi zurfin laima. Na je gona na tona da hannu, na dawo na ba ta amsa. Sai ta fito da layi biyu. Na sama, yiwuwar damuna ta zauna, cike fal. Na ƙasa, tabbas, wayam. Na tambayi yiwuwar ruwan ya ɗauke. Ita ma cike fal.

Na kira ɗan nawa na ce munafuka ya haɗa ni da ita, kowa ta ce masa e. Yana cikin hayaniyar tasha yana ɗaga murya. Ya ce ba raba gado take yi ba, balle ƙarin wannan ya zama ragin wancan. Abu biyu duk suna iya yiwuwa muddin ba a ga abin da ya tare ɗaya ba, tabbas kuwa ba ya motsi sai ƙofar ɗayan ta fara rufewa.

"To in shuka ko in bari?"

"Inna, ba ta sani ba. Ni ma ban sani ba."

Ubansa bai taɓa ce mini bai sani ba. Ranar na gane uban ma ba sanin yake yi ba, abokan kuskure kawai gare shi.

Na bari. Gari ya watse gona, ina tsakar gida ina jin wucewarsu da sungumi, har kajina sun ishe ni da kallo. Kullum da safe in je in tona, in dawo in faɗa wa waya. Layin ƙasa yana jan ciki kamar ba ya so. Da ya kai inda hankalina ya kwanta na shuka, masarar maƙwabta ta kai ƙwauri.

Ruwan bai ɗauke ba ko kaɗan. Tawa ta makara, goyonta ƙanana, rumbuna ko rabi bai yi ba. Na zauna gindinsa da faɗa cike da bakina. Na ɗauko wayar, na duba, ban ga inda ta yi mini ƙarya ba. Na kife ta a kan tabarma, na ci gaba da ɓare masara.