Layin da ke ƙasan takardar kora

Mu biyu ne a ɗakin kwamfuta na wata makaranta mai zaman kanta a hanyar Rayfield, ni da ƙawata. Tare muka yi karatu, tare aka ɗauke mu. Da safe in fito daga Ali Kazaure, ita ta taho daga Gada Biyu, mu haɗu mu shiga keke ɗaya. Kula ɗaya muke cin abinci a ciki, har oga yana tsokanar mu wai albashi ɗaya ya kamata a ba mu.

Aikina shi ne rajistar ma'aikata da ke cikin babbar kwamfuta, inda sunan kowa yake a reshensa: malamai nan, masu ofis can. In ana neman wasu sunaye, sai an rubuta adireshi, layi ɗaya dogo mai farawa da ldap. A cikinsa akwai sunan injin, da reshen da za a fara nema, da zurfin da za a shiga, sai rariya a ƙarshe, wadda ke faɗin wa za a ɗauko, wa za a bari. Ni ba na yarda da kaina wajen haɗa shi da ka. Akwai wani ɗan umarni da nake bugawa a baƙin allo, in ba shi guntayen ya ɗinke su, in kuma na ba shi ɗinkakke ya warware mini. Kuma duk jerin sunayen da ya fita daga ɗakinmu, na saita injin ya buga adireshin da ranar a ƙasan takardar da ƙananan haruffa. Ƙawata takan ce iyayina ya yi yawa, wa zai karanta wannan tarkacen?

Ina da tsohon ciki aka ce za a share sunayen waɗanda suka yi wata guda ba su shiga kwamfuta ba, wai an gaji da masu karɓar albashi ba sa zuwa. Ni na haɗa adireshin da hannuna. A cikin rariyar na saka guntu ɗaya mai cewa a tsallake duk wanda aka yi wa alamar hutu. Na nuna wa ƙawata sau biyu, na sa wa sunana alamar a gabanta, sannan na tafi, don ƙafafuna sun kumbura likita ya ce in kwanta tun lokaci bai yi ba.

Na haifi 'ya mace lafiya, na gama hutuna, na ɗaura ɗankwali na koma. Mai gadi ya kasa haɗa ido da ni. A ofishin oga aka miƙo mini takarda, wai na yi watsi da aiki. Na ce hutun haihuwa fa na tafi, kowa ya sani. Oga ya ce shi bai san komai ba, injin ne ya fitar da sunaye, masu makaranta suka sa hannu, an ma rage kujerun ɗakinmu zuwa ɗaya. Ya nuna mini jerin, ga sunana na huɗu. Ƙawata tana tsaye a bakin ƙofa tana hawaye, tana cewa wallahi injin nan ba shi da imani. Na roƙi kwafin takardar jerin, aka ba ni.

A gida na goya yarinyar, na buɗe tsohuwar kwamfutata, na kwafe layin adireshin nan na ƙasan takardar harafi bayan harafi. Da ido ba ya karantuwa, duk alamomi ne da lambobi. Na ba umarnin ya warware. Inji daidai, reshe daidai, zurfi daidai. Na zo kan rariya, guntun hutu babu shi.

Na so in ce kuskure ne, Allah ya sani na so. Amma guntun nan a cikin baka-biyu yake, su ma a cikin wasu. Wanda ya goge shi da ganganci zai bar baka ɗaya a buɗe, injin ya ƙi karɓa. Wannan kuwa an cire shi tsaf, an ƙirga kowace baka an rufe ta. Mutum biyu ne a makarantar suka iya haka, ɗaya kuma tana hutun haihuwa.

Washegari na tare ƙawata a bakin titi kafin ta shiga keke. Ban ɗaga murya ba, na miƙa mata takardar kawai, na ɗora yatsa a kan layin. Ta daɗe tana kallo.

"Oga ya ce ɗaya ce za ta zauna," in ji ta. "Ke kina da miji. Ni wa nake da shi?"

Na ce da ta faɗa mini. Da ta zo ta ce ƙawata ga halin da ake ciki, wallahi da mun yi kuka tare mun san abin yi. Ta ce ta kasa. Na koma wurin oga da bayanin, ya saurare ni rabi da rabi, ya ce shi wannan lissafin bakunan ya fi ƙarfinsa, kuma an riga an sa hannu.

Sai da zan ninke takardar in ajiye na kula da ranar da ke gefen layin. Ranar sunan 'yata ce, ƙarfe tara na safe. A ranar nan da azahar ƙawata ta iso gidanmu da turmin atamfa da kayan jarirai, ta karɓi yarinyar daga hannun innata, ta wuni tana rawa da ita a tsakar gida.