Bu Warsiti Da Ɓawon Mangis

Ƙarfe shida na safe babur ɗin Bu Warsiti (Bu, wato Mama a harshenmu) yake shigowa kwalejin aikin gona ta garinmu, da kwando ɗaure a baya. Kafin nan ta biya kasuwa ta kwaso abin da 'yan tebur za su zubar: ɓawon ɗan itacen nan mangis, ganyen gwaba, guntayen gangamau, zogalen da ya fara yaushi. Ta buɗe ɗakin gwaji, ta wanke kwalabe, ta shanya ganye a inuwa. Shekara talatin da ɗaya tana haka, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ba malama ba ce, mai kula da ɗakin ce, karatunta bai wuce sakandare ba. Amma duk ɗalibin da ya shiga, a hannunta yake fara darasi. Ranar da na fara zuwa, ta raba ɗanyar ayaba biyu, ta matsa lemun tsami a kan rabi, ta ce in zauna in zuba ido. Ba a jima ba ɗaya rabin ya yi baƙi, mai lemun yana nan fari.

"Wa ya ƙona shi, Nduk?" Haka take kiran kowace ɗaliba, kamar 'yar cikinta.

Na ce ban sani ba, Bu.

"Iskar da kike shaƙa ce. Ita ke sa ƙarfe tsatsa, ita ke lalata man kwakwa in ya daɗe a buɗe. Ke ma tana miki. Duk sanda jikinki ya ƙona abinci da ita, wasu 'yan ɓurɓushi masu yunwa kan kuɓuce, su dinga gutsurar bangon ƙwayoyin jiki. Abin da ke cikin lemun nan kuwa shi yake miƙa musu kansa, su ci su ƙoshi, su ƙyale naman." Ta dube ni ta saman tabarau. "Rufe bakinki, ƙuda zai shiga."

Akwai wani ruwa shunayya da ake gwaji da shi. In aka ɗiga masa ruwan ganye mai irin wannan kariya, sai ya koɗe ya koma rawaya. Ta ga wannan sau dubbai, amma har yau takan sunkuya tana kallo kamar yau ta fara. Ita ce ta lura gwabar kan tudu, wadda rana ke duka, ta fi ta kwari saurin koɗar da ruwan. Ta dami Pak Harjito, shugaban sashenmu, da tambaya har ya sa aka bincika. Sunanta bai fito a takardar binciken ba sai a layin godiya.

A shekarata ta ƙarshe na gwada ɓawon mangis, ruwan ya koɗe nan take. Na je gida ina ta baza labari. Mahaifiyata, mai ciwon sukari, ta ji. Ta ajiye ƙwayoyin asibiti ba tare da ta gaya wa kowa ba, ta koma dafa ɓawon tana sha, tunda 'yarta mai ilimi ta ce yana kare jiki. Bayan sati uku ƙanwata ta bugo waya: tsohuwa na ganin hazo-hazo, ƙafarta ta kumbura, kuma ta rantse ba za ta asibiti ba.

Ina kuka a wajen wanke kwalabe Bu Warsiti ta same ni. Da ta ji, ta cire rigar aiki ta ce in hau. Tafiyar awa biyu muka yi a babur zuwa ƙauyen da mahaifiyata take.

Ta zauna a tabarma kusa da mahaifiyata, ta karɓi kofin ruwan ɓawon, ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Mbakyu, Yayata, wannan ko akuya sai an ɗaure ta."

Tsohuwa ta yi dariya ta ce ai magani ne.

"A kwalba dai na ga aikinsa da idona. Amma ke kwalba ce, Yaya? Cikinki zai niƙa shi, hanta ta tace, abin da zai kai jini ba wanda ya auna tukuna. Ni ban sani ba, 'yarki ma ba ta sani ba. Sukarin nan kuwa kullum ƙara haifar ɓurɓushin yake yi. A fara kashe wutar. Ki ci ganyenki da gwandarki, suna taimako, amma ki tashi mu je."

Tsohuwa ta tashi, muka tafi asibiti. Likita ya ce da an ƙara sati, da ƙafar ba ta tsira ba.

Bu, ke ce kika koya mana mamakin ganye, ke ce kuma kika koya mana inda mamakin ya kamata ya tsaya. Malamai masu digiri uku sun karantar da ni, ban taɓa jin ɗayansu ya ce "ban sani ba" da sauƙin da kike faɗa. Mun gode, mu da muka fasa miki kwalabe kika share ba ki kai ƙara ba.

Ku da za ku gaji ɗakin nan, ku yi tambaya irin tata, ku faɗi iya abin da kuka gani, kada ku ƙara ko ɗigo.

Mahaifiyata ta cika saba'in da huɗu bana. Ta ce ranar walimar sallamar Bu Warsiti da ƙafarta za ta zo, kuma kada kowa ya ɗauko ta a mota.