Muryar Malam a Cikin Kwamfuta

Har yau in na ji warin albasa sabuwar cira, kwamfutar gidanmu ta Illela nake tunawa. A ɗakin zaure take, kusa da buhunan albasar Kalmalo, an rufa mata tsohon zanen Inna. Baba ne ya sayo ta a Konni, tsallaken iyaka, don haka Faransanci kawai take yi. Ni kaɗai ke iya karanta ta, saboda na yi shekara uku a makarantar can ina hannun Goggo.

A cikinta aka ajiye muryar kakanmu, Malam. Kawu ya ɗauke shi yana lissafa kakanninmu da inda suka fito, wata biyu kafin ya rasu. Ba mu da ita a ko'ina sai nan.

Baba kuwa, Allah Ya ba shi tsawon rai, bakinsa bai iya cewa a'a ba. Duk maƙwabcin da ya yi sallama da memorin waya yana son a zuba masa wa'azi, sai a ce bismilla. A wurinsa hana mutum kwamfuta daidai yake da hana shi ruwan sha. Ta nan cutar kwamfuta ta shigo. Tallace-tallace suka riƙa faɗowa ba a kira su ba, linzamin kwamfutar ya yi nauyi, ran nan muka duba muryar Malam babu.

Mai gyara ya ce a goge komai a sake zubi. Kaka, wadda ba ta taɓa kusantar na'urar ba, ta zo ta tsaya a ƙofa.

"Ba a goge Malam ina da rai," ta ce. "Ke ɗiyar ga, mi anka kai ki Konni yi?"

Na ji tsoro, na kuma ji haushi, domin shekarata sha biyu. Amma na zauna. Kawu ya kawo faifan maganin cutar daga Sakkwato, ya cire layin intanet, Baba ya daure ya sallami maƙwabta biyu yana sunkuyar da kai. Kwana uku muna bincike cikin zafin bazara. Wuta ta ɗauke, mu koma farko. Kawu na danna, ni ina fassara.

A rana ta uku wani akwati ya fito a fuskar kwamfutar da zaɓi biyu. Kawu ya gaji, ya kai hannu zai danna na farko. Na riƙe masa hannu, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

"Kawu, wanga sharewa ne duka. Na ƙasa shi ka killacewa."

Ya kalle ni, ya danna na ƙasa. Ashe cutar ɓoye kayan ta yi, ba ta cinye ba. Da ya umarci na'urar ta nuna ɓoyayyu, sai ga su.

Kawu ya kunna. Malam ya yi gyaran murya. Kafin ya kai ga bismilla, Kaka ta jawo mayafinta ta rufe kai, ta gyara zama, kamar yadda take yi in ya shigo gida. Ni dai kuka na yi.

Yanzu muryar tana wayar kowane jika, har waɗanda ba su san fuskarsa ba. Kaka ta bi shi tuni. Maƙwabtana suna cewa ina da rowa, don ba a soka komai a kwamfutata sai na bincike shi. Na yarda su faɗa. Abin da ke damuna ɗaya ne: duk cikinmu babu wanda ya tuna ya ɗauki tata muryar.