Dogo Mai Lagireto da Motar Ƙaninsa

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi marigayin da direbobi suka sani da Dogo Mai Lagireto a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari na bakin babbar hanya, daidai inda motoci ke tsayawa a ƙara musu ruwa kafin su tunkari dogon tudun da ke tsakanin garin da birni. Mahaifinsa mai liƙin butoci da fitilu ne da dalma, mahaifiyarsa kuwa 'yar wani mai haƙar rijiya ce. Su bakwai aka haifa a ɗakin, biyu kacal suka rayu, wato shi da ƙaninsa da ake kira Auta, wanda ya ba shekara tara.

Karatunsa da Koyon Sana'a

An sa shi makaranta a shekarar 1958, sai dai bai wuce aji huɗu ba Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa, ya ajiye littafi ya ɗauki ƙarfen liƙi domin ciyar da gidan. A shekarar 1966 ya shiga hannun wani dattijo mai gyaran lagireto a bayan tasha, ya yi shekara goma yana koyon yadda ake kwance tankin sama da na ƙasa, a zura siririn ƙarfe cikin bututan ɗaya bayan ɗaya a fitar da tsatsa, a mayar a liƙe, sannan a nutsar a baho a hura iska a ga ko zai yi kumfa. Ilimin da ya gada wurin dattijon, wanda kuma shi ne ilimin kowa a layin masu gyaran, bai wuce magana ɗaya ba: idan mota tana zafi, ruwa ne ya yi mata kaɗan, a ƙara mata sahun bututu.

Aurensa da Buɗe Rumfarsa

Ya yi aure a shekarar 1974, ya auri 'yar wani tela maƙwabcinsu, mace mai haƙuri da yawan raha, wadda takan ce ko da ido rufe tana gane shigowarsa gida ta ƙaurin dalma. Bayan shekara biyu ya buɗe rumfarsa ta kwano mai ƙofa ɗaya, da murhun gawayi a lungu, da lagiretoci rataye a bango. Shi ya riƙe Auta tamkar ɗa, ya kai shi koyon tuƙi, ya tsaya masa har ya sami bas mai cin mutum goma sha takwas, ya kuma yi masa aure ya yanka masa rabin gidan da suka gada.

Musibar Shekarar 1983

Bas ɗin Auta takan tafasa duk lokacin da ta hau tudun da kaya, har abin ya zama abin ba'a a tasha, ana ce masa ya riƙa tafiya da ganyen shayi. Wannan ya yi wa Dogo ciwo, ya ce ba za a yi wa ƙanin mai lagireto dariya ba yana raye. A watan Afrilu na shekarar 1983 ya shafe kwana tara yana haɗa wani lagireto mai sahu biyar a maimakon uku, irin wanda ba a taɓa gani ba a garin. Da aka zo ɗaurawa sai kaurinsa ya hana shi zama, don haka ya yanke zoben kwanon da kamfani ya kewaye fanka da shi ya jefar, kamar yadda masu gyara suka saba yi, domin a ganinsu ado ne kawai mai hana hannu shiga. Ya buga murfin injin ya ce a gaban mutane, "Auta, wannan motar ta gama tafasa a duniya. In ka ga ta yi zafi, allurar awon zafin ce ke maka ƙarya."

A shimfiɗaɗɗiyar hanya motar ta yi sati biyu lafiya ƙalau. Ranar 6 ga Mayu, da tsakar rana, tana cikin tafiyar hawainiya a giya ta ɗaya a tsakiyar tudun, allurar zafi ta kai ƙarshe. Auta ya tsaya, kuma saboda ya gaskata yayansa fiye da allurar, bai jira injin ya huce ba, ya sunkuya ya murɗe murfin lagireton da hannu domin ya nuna wa fasinjoji cewa babu komai. Tafasasshen ruwan ya same shi a fuska. Ya yi wata huɗu a asibiti, ya fito ba ya gani, yana da shekara ashirin da uku.

Tun daga wannan rana Auta bai sake yi wa yayansa doguwar magana ba. Bai zage shi ba, bai kai ƙararsa wurin kowa ba. Idan Dogo ya leƙa da safe ya ce, "Auta, an tashi lafiya?" sai ya ce, "Lafiya, Yaya," ya juya fuskarsa bango. Dogo ya ɗauki nauyin gidajen biyu, amma abin da yake nema wurin ƙaninsa kalma ɗaya ce ta yafiya, kuma bai iya buɗe baki ya roƙa ba, domin a tunaninsa bai cancanci roƙo ba sai ya gano abin da ya aikata.

Shekarun Binciken Iska

Daga shekarar 1984 ya mayar da bas ɗin bayan rumfarsa, ya daina zargin ruwa ya koma bin iska. Yakan kunna tsumma ya kashe wutar, ya riƙe shi gaban injin yana kallon inda hayaƙin ke bi, ko ya ɗaure guntayen zare a gaban lagireto ya ga wanne ke motsi wanne ke kwance. Ta haka ya fahimci cewa iska raguwa ce, hanya mai sauƙi take bi, kuma da ya cire zoben nan fankar ta koma jawo iska daga gefe da ƙasa, ta bar sahu biyar ɗin cike da ruwan da babu mai fifita shi. Ya koma sahu uku masu tazara. Ya ƙera wa fanka sabon zobe mai kama duk faɗin lagireton, rabin fiffikenta ciki rabi waje, da ratar yatsa ɗaya. Ya toshe kowace kafa ta gefe da tsohuwar roba ta cikin taya, ya kuma huda wasu tagogi a bayan murfin injin domin iskar da ta ɗauki zafi ta sami mafita.

Direbobi suka yi ta tsokanarsa, suna cewa, "Oga Dogo, yau kuma wace iska ake ɗinka wa riga?" Matarsa ma ta ce in ya sake yanka mata tire ya kai mota, ta rantse a murfin lagireto zai ci abinci. Shi dai sai ya yi ɗan murmushi ya ci gaba. A hankali masu yi masa dariyar suka fara kawo motocinsu, kuma kafin shekarar 1995 da wuya a ga motar da ta bi ta hannunsa ta tsaya a tudun.

A watan Mayu na shekarar 1996 ya loda wa tsohuwar bas ɗin buhunan yashi, ya sa aka hau tudun da ita sau uku a jere da tsakar rana, allurar ba ta wuce rabi ba. Ya dawo gida ya durƙusa kusa da tabarmar ƙaninsa, ya yi masa bayanin zoben da iskar da kuskurensa dalla-dalla, ya roƙe shi ya zo su hau tare. Auta ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Madalla, Yaya, ka gyara mota. To ni in na hau me zan gani a can?" Dogo ya tashi ya fita, kuma bai sake tayar da maganar ba har tsawon shekara ashirin da biyu.

Ƙarshen Rayuwarsa

Daga wajen shekarar 2005 aka fara shigo da lagiretoci masu tankin roba, waɗanda in sun fashe ba a liƙewa sai dai a jefar a sayi wani, aiki ya ja baya a layin baki ɗaya. Hayaƙin dalma da ruwan batir na shekara arba'in suka taru a ƙirjinsa, hannunsa ya soma rawa har ba ya iya riƙe ƙarfen liƙi. Matarsa ta rasu a shekarar 2011. Ya rufe rumfar a shekarar 2014, aka mayar da ita wurin sayar da katin waya.

Rasuwarsa da Jana'izarsa

Da ciwon ya tsananta, a safiyar Talata 9 ga Oktoba 2018, ya aika a kira masa Auta. Aka jawo shi ya zauna a bakin gado. Dogo ya lalubi hannunsa ya ce, "Auta, ka yafe mini idanunka." Auta ya ce, "Sha maganinka tukuna, Yaya. Gobe ma yi magana." Allah ya karɓi ran Dogo bayan la'asar ta wannan rana, yana da shekara sittin da bakwai.

Aka yi jana'izarsa kafin faɗuwar rana, direbobi da masu gyara suka cika maƙabarta. Da aka gama rufe shi mutane suka fara juyawa, Auta ya ce a kai shi wajen kan kabarin, ya tsuguna ya dafa ƙasar ya ce, "Yaya, na yafe tun ranar yashin nan, bakina ne ya yi nauyi." Waɗanda ke kusa duk sun ji shi.

Marigayin ya bar 'ya'ya biyar: babbarsu ungozoma ce, mai bi mata tela, sai malamin firamare, sai mai gyaran waya, sai 'yar autarsu da ke ɗakin mijinta, babu ko ɗaya da ya gaji sana'arsa. Ya bar jikoki goma sha huɗu. Ya kuma bar ƙaninsa, wanda har yau yake zaune a ɗaya rabin gidan. Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa.