Kada Ki Taɓa Ni a Fili

Ana cikin sanar da ƙungiyar da ta zo ta shida na ga begilar Merle Dombek ta fara sunkuyowa. Ban juya ba. Da wutsiyar ido na gani, domin a ƙame muke, ƙungiyoyin badujala shida a jere tsakiyar filin ƙwallo, muna jiran sakamakon gasa, rana tana dukan hulunanmu. Shekara uku ina tsayawa a damansa, ban taɓa ganin ƙarfen nan ya kauce ko da faɗin yatsa ba. Shekaranjiya ke nan, ranar Asabar.

Merle makaho ne, shekararsa sittin da ɗaya. A nan garinmu na bakin kogi a jihar Wisconsin ta Amurka aka haife shi, ya shiga badujala yana ɗan shekara goma sha biyu, ya kuma gaji aikin mahaifinsa a masana'antar takarda. Ciwon suga ya ɗauke masa gani yana da arba'in da huɗu, ido ɗaya ya riga ɗaya da wata bakwai. Shekara uku ya yi a kujerar falo, daga shi sai rediyo. Wata ranar Lahadi matarsa Lorna ta ce ya raka ta sayen kifi, sai ta sauke shi a wurin atisayenmu, ta ɗora masa akwatin begila a hannu, ta ja motarta.

Ƙungiyarmu ba ta korar kowa saboda tsufa, amma Gus, mai horar da mu, bai san yadda zai yi da shi ba. Ya ce a ba shi wuri a bakin fili, ya riƙa busa a tsaye kusa da masu manyan ganguna.

"Gus, in zama nake so, kujerata ta gida ta fi taku laushi," in ji Merle. "Ka ba ni layi."

"Layi fa ka ce? Ƙato biyu masu ido sun yi karo makon jiya."

"To ka gani. Idon ne ya ruɗe su."

Kowannenmu yana rataye ɗan littafi a wuya da igiyar takalmi, a ciki an rubuta inda zai tsaya a kowane sashe na wasa. Merle nasa katako ne. Lorna ta manna zare a kansa a madadin layukan fili, ta kafa ƙananan ƙusoshi a wuraren tsayawarsa, shi kuma ya yi ta bi da yatsa duk tsawon lokacin sanyi har sai ya haddace. Taku takwas ne tsakanin layi da layi, kuma nasa takun bai taɓa ƙaruwa ko raguwa ba. Abin da ya rage masa shi ne wanda zai bi da kunne.

Bayan waɗanda suka gabace ni, ni aka ba shi, ina shekara ta biyu a jami'a.

"Ke ce sabuwar? Me kike karantawa?"

"Lissafi."

"Madalla, Farfesa. Allah Ya sa sun koya miki ƙirga takwas." Ya juyo da kunnensa wajena. "Ki busa da ƙarfi, ina jinki. In ba ma busa kika ga na kauce, ki yi tsaki ɗaya. Amma kada ki taɓa ni a fili. A mota, a bakin titi, a layin abinci, ga gwiwar hannuna, ki ja ni kamar akuya. A fili kuwa, ranar da kika riƙe ni, kin gaya wa mutum dubu uku cewa ga makaho can, su tafa masa don tausayi. Kin yi alkawari?"

Na yi.

Da ya san alƙalan gasa sun gane makaho ne, ransa ɓaci yake yi. Wata rana wani ya rage masa maki saboda ya makara da rabin taku, Merle ya wuni yana murna. A mota shi ne mai surutu. Yana shafa man gyaɗa a burodi, yana soka yatsa don auna suga, yana zolayar masu tuta cewa shi dai bai taɓa ganin sun yi kuskure ba. Shi ne kuma mai koya wa sababbi ƙamewa. Yakan ba da labarin rinar da ta shiga hannun rigarsa yana saurayi, ta harbe shi sau uku ana taken ƙasa, bai ko ƙifta ba.

"In an ce ƙame, kin zama turke," yake cewa. "Gumi, ƙuda, fitsari, duk su jira. Wanda ya faɗi akwai masu ɗaukarsa. Ke ba aikinki ba ne."

Na gama jami'a a watan Mayu. Ya zo bikin da rigar coci, yana ta tambayar Lorna ko hular kammala karatun ta yi mini kyau ko kuwa kamar faranti.

Ranar Asabar mun yi wasanmu lafiya, bai ɓata taku ɗaya ba. Da aka dawo da mu fili don sakamako ne begilarsa ta fara yin ƙasa. Na ce a raina ko suga ne, amma a gabana ya auna kafin mu shiga. Ba tare da na motsa leɓe ba na ce, "Merle?"

Ya amsa, amma abin da ya fito ba magana ba ce. Kamar mai magana da ruwa a baki.

Na yi tsaki ɗaya. Ban san abin da nake nufi da shi ba. Da aka sanar da ƙungiyar da ta zo ta biyar, hannunsa na dama ya saki begilar, ta rage a hagu kaɗai. Da aka zo ta huɗu, kafaɗarsa ta sauka a kan tawa. Nauyinsa ya yi ta ƙaruwa. Na kafe ƙafafuna, na tokare shi, idona a gaba, haɓata a sama, ina gaya wa kaina cewa ba ni na taɓa shi ba, shi ya jingina, kuma daga kujerun 'yan kallo ba wanda zai gane. Har wani alfahari na ji. Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa.

Aka ba da kyautar masu ganga. Aka ba da ta masu tuta. Wani dattijo ya yi jawabi. Motar asibiti tana fake a bakin fili tun safe, taku arba'in daga inda muke, ma'aikatanta biyu suna zaune a inuwa suna shan lemo.

Da Gus ya ba da umarnin tafiya, na ɗaga ƙafar hagu kamar kowa. Merle ya zube.

A asibiti likita ta ce jini ne ya toshe a ƙwaƙwalwa. Ta tambayi ƙarfe nawa abin ya fara, domin a wannan ciwon kowane minti lissafa shi ake yi. Gus ya ce lokacin da Merle ya faɗi. Na ce a'a. Akwai agogo a allon filin, ina kallonsa tun daga farko. Minti ashirin da biyu kafin nan.

Likitar ta rubuta. Na tambaye ta ko da na ɗaga hannu tun farko da abin bai kai haka ba. Ta ce ba za ta iya ce mini i ko a'a ba.

Jiya da rana na samu Lorna a ɗakin jira, na gaya mata duka, har da alfaharin. Ta daɗe tana kallon jakarta.

"Da kin ɗaga hannu, da ya tsine miki a gaban jama'a," ta ce. "Da ya yi wata uku ba ya miki magana, tsohon banza mai taurin kai."

"Na sani."

"Da na fi son haka, 'yar nan."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta matsa ta ba ni wuri a benci, ta miƙo mini rabin burodinta, na kasa ci.

An yi masa aiki ranar Asabar da yamma, an cire abin da ya toshe. Bai farka ba tukuna. Ƙwaƙwalwar ta kumbura, kuma likita ta ce sai kumburin ya sauka za a san ko zai yi magana, ko hannun zai dawo, ko ma zai tashi. Gobe da safe za su sake ɗaukar hoton kansa. Lorna ta ce za ta kira ni da zarar sun gaya mata.