Yaya Binta ta hura gawayi da muryar Inna

Jiya na shigo gidanmu a Fagge, na tarar da Yaya Binta tsugune gaban murhu tana hura gawayi da takarduna.

Aikina ke nan: in naɗi sauti a waya, in rufe ido ina sauraro, hannuna yana bin sa da biro a takarda. Na zana ƙarar injin markaɗe. Na zana muryar marigayiya Innarmu tana kiran masu sayen tattasai a Kasuwar Sabon Gari. Wayar da muryar ke ciki an sace ta a adaidaita tun bara, zanen kaɗai ya rage.

Na ce, "Yaya, muryar Inna kika ƙona!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Wace murya? Layi-layi na gani, na zaci biro kike gwadawa. Da fuskarta kika zana, wa zai taɓa?"

Hotunan fuskarta sun cika bango. Muryar ce ba mu da ita.

Don Allah ku faɗa min, abin da mutum bai gane ba, wuta zai sa masa kafin ya tambaya?