Ƙarfen da Ishaya Ya Bari a Wuyan Jita

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kashe ƙanena Ishaya. Duk lokacin da watan ya zagayo, fasto yakan ambaci sunansa a sujada tare da waɗanda aka kashe rana ɗaya da shi, a ce mutumin kirki ne, mu ce amin, kowa ya kama hanyar gida. Ni kam na gaji da wannan "mutumin kirki". Ishaya kafinta ne mai taurin kai, mai yawan shiru, wanda in ya sa aiki a gaba ko kiran abinci ba ya ji. Bana na ce bari in rubuta shi yadda yake, kuma ba zan iya ba sai na bi ta kan wani guntun katako da ya daɗe a bisa durowata.

Ni ce babbarsa. Na koyar a firamare har na yi ritaya a nan Kafanchan, shi kuwa makaranta ba ta riƙe shi ba, ya buɗe rumfar kafinta a bayan kasuwa. Bencin coci, ƙofa, gadon amarya, akwatin gawa, duk yana yi. Amma abin da ya ɗauke masa hankali shi ne jita. Ƙungiyar mawaƙan cocinmu ba ta da ko ɗaya a lokacin, sai ya ce shi zai sassaƙa. Ya kuwa sassaƙa, da maɗaci, ta yi kyau har ana zuwa kallo. Damina ɗaya ta ishe ta. Wayoyin suka yi ta jan wuyan, ga danshi, sai wuyan ya lanƙwashe, wayoyin suka yi sama, mai kaɗawa ya danna har yatsunsa suka yi jini amma sautin kamar ana jan akuya. Na ce masa, "Ishaya, wannan baka ce, saura kibiya." Bai yi dariya ba. Ya ɗauke ta daga cocin a ranar, muka yi kusan wata ba ya gaishe ni da kyau.

Daga baya ya samo wata karyayyiyar jita ta kanti a wurin masu gwangwan, ya tsaga wuyanta da gangan don ya ga me Turawa suka ɓoye a ciki. Sai ga siririn ƙarfe kwance tun daga sama har ƙasa, da noti a baki ɗaya. Shi ne ke ja da wayoyin, ya hana katakon sunkuyawa. Daga ranar Ishaya bai ƙara yin jitar da babu ƙarfe a wuyanta ba.

Na sha zama a rumfarsa bayan an tashi makaranta ina kallonsa, don haka na san aikin kamar ni na yi. Ba shi da injin komai. Zai shafa wa zare gawayi, ya ja shi a tsakiyar wuyan, ya ɗaga ya saki, layi ya fito. Sai ya bi gefen layin nan da wuƙa, hagu da dama, don kada katakon ya tsage ya wuce inda ake so. Sannan ya ɗauki ɗan siririn cizal ya fara haƙa kwari, ba da guduma ba, da tafin hannu, yana fitar da ɓawo siriri kamar na albasa. Ya haƙa kaɗan, ya hura, ya kwantar da ƙarfen, ya ɗaga, ya ƙara haƙawa. In kwarin ya yi zurfi da yawa, ranar da aka ɗaure notin ƙarfen zai faso ta bayan wuyan. In ya yi faɗi, ƙarfen zai riƙa kaɗawa a ciki duk waƙar da aka yi. Ƙarfen kansa rodi ne da yake kai wa wani makaniki ya yanka masa hanyar noti.

Abu biyu ne ba ya wasa da su. Na farko, kafin ya rufe kwarin da katakon da yatsu ke dannawa, sai ya goge ƙarfen da kyandir tas, domin kada gam ya kama shi. In gam ya kama, an binne shi ke nan, ba ya motsi, kuma ba wanda zai sani sai an sa wayoyi. Na biyu, ba ya ɗaure notin gaba ɗaya. Bayan ya naɗe wuyan da robar tsohon tayar babur ya bushe, ya sa wayoyi, sai ya murɗa notin ɗan kaɗan, ya rataye jitar a bango, ya tafi harkarsa. Bayan kwanaki ya dawo, ya rufe ido ɗaya ya hango wuyan daga sama, ya ƙara murɗawa ɗan kaɗan. Masu jita su yi ta zarya suna fushi. Abin da yake ce musu kullum ɗaya ne: "Katako bai gama ji ba tukuna."

Wuyan ƙarshe da ya fara, na ɗansa Bitrus ne. A lokacin Bitrus ya riga ya zama saurayi, yana aiki tare da uban a rumfa, kuma shi ke kaɗa wa mawaƙa jita ranar Lahadi, da ta aro. Ishaya ya gama haƙa kwarin, ya kwantar da ƙarfen a ciki, bai kai ga gam ba. Sai lokacin tonon citta ya zo, ya tafi ƙauyenmu can bayan Fadan Kagoma ya ce kwana kaɗan zai yi. Mutane da bindigogi suka shigo ƙauyen. Ba zan ce su wane ne ba, don ban gani da idona ba, kuma an faɗi sunaye da yawa a garin nan ba a tayar da ko mutum ɗaya daga kabari ba. Abin da na gani shi ne ramin. Mutumin da ya yi wa rabin matattun unguwarmu akwati, shi a zanen matarsa aka naɗe shi, aka jera shi da sauran a rami ɗaya. Har yau in na tuna wannan zanen sai abinci ya fita raina.

Da aka zo rabon kayan mamaci, kayan aiki suka koma hannun Bitrus, kamar yadda ya kamata. Wuyan jitar kuwa ba wanda ya kula shi, wani kawunmu ma har ya jefa shi cikin itacen girkin masu zaman makoki. Ni na tsamo shi, da gangar jikin jitar da ke rataye a rumfa, na kai gida.

Bitrus bai ƙara taɓa jita ba. Coci ma sai jefi-jefi. Ya yi aure, ya haifi 'yar mace, ya ci gaba da benci da akwatin gawa, kuma akwatin ya fi bencin kasuwa. Bara na je rumfar ba tare da na yi sallama ba, na same shi a sunkuye da cizal ɗin ubansa, yana haƙa kwari a wani katako da tafin hannu, yana hurawa. Murna ta kama ni, na ɗauka jita ce. Da na matso sai na ga kwarin ya fi faɗi, katakon kuma ya yi gajarta. Ƙotar bindiga ce, irin ta gida da samarin ƙauye ke gadi da ita. Ashe ya daɗe yana yi musu, kuma ba a sassaƙa ya tsaya ba, in an kira yakan hau babur ya bi su. Abokansa biyu da suke fita tare, shi ya yi musu akwati.

Me Ishaya zai ce in ya ga wannan? Na juya tambayar nan har na gaji. Da sauƙi in rubuta cewa zai tsawata masa, masu karatu su ji daɗi, amma ƙarya zan yi. Ban sani ba. Matan ƙauyenmu da suka koma gona bana, saboda irin su Bitrus suka koma. Ni ma da nake wannan rubutu, in dangi suka bugo suka ce an kwana lafiya, na san wa ya hana idonsa barci. Ba ni da bakin cewa ya daina. Abin da na sani kawai shi ne uwarsa ta bi mijinta da baƙin ciki, shi kaɗai ya rage mini daga Ishaya, kuma ina tsoron ranar da za a zo a ce in kawo zane.

Shi ya sa da watan ya gabato na sauko da wuyan jitar, na share ƙura, na aika a kira shi gidana. Ya daɗe yana kallon kwarin, yana bin sa da yatsa.

"Mama, wannan abu kin ajiye shi har yanzu?"

Na ce, "Naka ne. Ubanka bai gama ba. Ka gama, a nan gidan, ina gani."

"Ba aikin rana ɗaya ba ne fa."

"Na sani," na ce masa. Ai saboda haka na kira shi.

Ƙarfen ya yi tsatsa, ya goge shi da yashi. Tun ban tuna masa ba, sai na ga ya waiga ya ce, "Akwai kyandir?" Na shiga ɗaki na ɗauko, na ɗan daɗe a ciki don kada ya ga fuskata. Kwarin ya ɗan tsuke da shekaru, ya gyara shi da cizal, kuma dole in faɗi abin da ya fi ci mini rai: hannunsa ya fi na ubansa. Ishaya yakan yi gardama da katako, shi Bitrus wucewa kawai yake yi. Na san inda hannun ya samu wannan ƙwarewa, kuma ba a kan jita ba ne.

Ya sa gam, ya naɗe da roba, ya ce kada in bari kowa ya kwance. Ya dawo ya haɗa wuyan da gangar jiki, ya sa wayoyi, ya murɗa notin ɗan kaɗan, ya rataye ta a bangon falona, ya bar ɗan sifanan da ya murɗa notin da shi a kan tebur. Tun daga nan duk Lahadi bayan sujada yakan zo, wani lokaci da 'yarsa, ya rufe ido ɗaya ya hango wuyan, ya murɗa, ya ci tuwo. Waƙa kam bai kaɗa ko ɗaya ba, waya ɗaya-ɗaya yake taɓawa ya saurara. Amma ranar yana Kafanchan, a gabana, da ransa.

Wuyan ya kamata a ce ya miƙe tuntuni. Dalilin da bai miƙe ba shi ne, duk ranar da ya tafi, nakan ɗauki sifanan in mayar da notin baya daidai yadda ya murɗa. Na yi shekaru ina kallon Ishaya yana yi, na san iya abin da katako zai ɗauka bai lalace ba. Tsohuwar malamar makaranta, 'yar zumuntar matan coci, ina yi wa jita zagon ƙasa a falona. Kwanakin baya Bitrus ya hango wuyan, ya ce, "Mama, wannan noti yana komawa baya da kansa." Na ce wataƙila sanyin damina ne. Ya dube ni, ya dubi sifanan, ya ce, "Wataƙila." Ya murɗa, ya wanke hannu, ya ce sai Lahadi. Sifanan kuma bai ɗauke ba.

In aka tambaye ni me ya rage na Ishaya bayan shekara goma sha ɗaya, ba zan nuna kabari ba, don ba shi da nasa shi kaɗai. Bencinsa na coci an canza su da kujerun roba. Jitocinsa ban san inda suka shiga ba, sai wannan ɗaya, da ƙarfen da ya auna da hannunsa kwance a ciki inda ba mai ƙara ganinsa. Sai kuma hannun ɗansa, wanda ya gaji haƙurin uban duka, yana kashe shi a kan abin da uban bai taɓa sassaƙawa ba. Ina roƙon Ubangiji ya ji ƙan ƙasar nan da ta koya wa kafinta wannan aiki, amma addu'ata ta gaskiya ba ta kai girman ƙasa ba, mutum ɗaya nake roƙo.

Ranar Lahadin da ta wuce bai zo ba. Matarsa ce ta zo da 'yarsa, ta ce an kira su ƙauye tun ranar Juma'a, wayarsa kuma ba ta shiga, wai can ba sabis. Na rufe tuwonsa, na ba 'yarsa nata. Da suka tafi na sauko da jitar, na ɗauki sifanan, sai na tuna ai bai murɗa komai ba wannan makon, babu abin da zan mayar. Na sassauta notin duk da haka, ɗan kaɗan, don in ya zo ya tarar da aiki yana jiransa.